Yatsu Biyu Ƙasa da Ƙashin Wuya

Ƙarfe uku da 'yan mintuna na ranar Talata aka bugo waya ofishin 'yan sanda. Wani injiniya ne. Ya ce mahaifinsa ya rasu, kuma ba mutuwar Allah da Annabi ba ce, sakacin nas ne.

Sufeto ya ajiye alƙalami. Shekara ashirin da bakwai ke nan yana wannan aiki, gwiwarsa ta hagu ta gaji da shi, kuma ba abin da ke ba shi haushi irin mai ƙarar da zai zo masa da sunan mai laifi a shirye. Ya ce wa Sajan ta tayar da mota. Sajan doguwar mace ce mai saurin tafiya, bakinta kuma ya fi ƙafarta sauri.

Gidan ɗan ƙarami ne, ba bene. Tsohon na kwance a gadon ƙarfe irin na asibiti, fanka na kaɗawa a kansa. An buɗe masa gaban riga. A ƙirjinsa, can sama ta hagu, akwai wani abu mai kama da filasta, sai dai yana sheƙi kamar an zuba ruwa, da wani ɗan maɓalli baƙi a tsakiyarsa.

"Mene ne wannan?" in ji Sufeto.

"Ni na ƙera shi," in ji Injiniya. Mutum ne ɗan shekara arba'in, idanunsa sun yi jajir. "Danƙo muke ce masa. Roba ce mai ruwa-ruwa, tana ɗaukar lantarki kamar wayar wuta, amma tana miƙewa tare da fata. Ita ke jin bugun zuciya, maɓallin kuma ya aika. In zuciya ta rikice, sai ƙararrawa ta tashi a wayata da ta nas."

Ya miƙo wayarsa. Wani koren layi ne ke hawa da sauka, daga nan ya kwanta.

"Duba, Yallaɓai. Har biyu da minti goma Baba na nan lafiya lau. Sau tara ƙararrawar nan ta kira ta. Gidajen da take zagayawa ba su fi tafiyar minti biyar daga nan ba. Ni ina wurin aiki can ƙarshen gari, sai uku saura na iso. Da ta zo, da yanzu yana da rai."

A bakin ƙofa, ƙanwar Injiniya na zaune a ƙasa. Malamar makaranta ce, alli ma bai gama fita daga yatsunta ba. Ta ɗago kai ta sa baki.

"Baba bai sha maganin rana ba."

Sufeto ya duba akwatin maganin da ke kan tebur, mai gida uku. Gidan safe babu kome. Na rana kuwa ƙwayoyinsa biyu na nan.

"Mantuwar tsufa ce," in ji Injiniya.

"Haba Yaya. Sunanmu Baba ke mantawa, ba magani ba. Sha biyu na bugawa yake sha."

Sufeto ya ɗauki hoton ƙirjin mamacin, sannan ya taɓa hannunsa. Sanyi ƙalau, yatsun sun fara sandarewa. Ransa bai kwanta ba.

*

Nas da kanta ta kawo kanta ofis kafin la'asar ta yi sanyi. Yarinya ce da ba ta kai talatin ba, ta yi kuka har muryarta ta dishe.

"Ƙarfe nawa kika bar shi?" Sufeto ya tambaye ta.

"Tara, Yallaɓai. Kullum haka ne. In zo bakwai, in yi masa wanka, in manna masa danƙon, in ba shi magani, in wuce sauran gidaje. Sai biyar in dawo."

"Biyu da minti goma kina ina?"

"Ina hanya."

"Me ya hana ki jin ƙararrawa?"

"Babu sabis."

"Sau tara babu sabis?" in ji Sajan, tana zazzage jakar Nas a kan tebur. "Wace hanya ce wannan, ta cikin rijiya?"

Daga cikin tarkacen ta zaro wani kati mai hoto da hatimi. Katin shiga jarrabawar ungozoma ne, na ranar, daga ɗaya da rabi zuwa uku.

Nas ta yi tsuru-tsuru, sannan ta rufe fuska. Ta ce a ƙofar zauren jarrabawar aka karɓe musu wayoyi. Kamfanin da ya turo ta ya hana a rabu da waya ko na minti ɗaya, shi ya sa ta ɓoye.

"Amma wallahi na gaya wa Injiniya tun ranar Asabar. Ya ce in je, Allah ba da sa'a, shi zai sa ido."

"A gaban wa ya faɗa?"

"Mu biyu ne, a kicin."

Sufeto ya kira Injiniya a gabanta, ya buɗe muryar wayar kowa na ji. Injiniya ya ce shi bai taɓa jin wata maganar jarrabawa ba.

Nas ta zuba wa wayar ido kamar ta mare ta.

"'Yata," in ji Sufeto, "gara ki san inda kike. In maganar nan ta je kotu a haka, takardar aikinki ta tafi ke nan, kuma ana iya ɗaure ki."

"Shekara biyu ina wanke tsohon nan," ta ce. "Ni nake yanke masa farce."

Aka kai ta ɗakin tsaro. Babban jami'in ofishin ya leƙo ya ce magana a fili take, ranar Alhamis da safe yana son takardar tuhuma a kan teburinsa. Sufeto ya ce to, irin "to" ɗin da duk ofishin suka san ba amincewa ba ce.

*

Washegari suka nufi wurin aikin Injiniya. Ɗakin binciken na hawa na uku, lif kuma ta lalace tun bara. Sajan ta haye kamar akuya. Sufeto ya iso yana haki, ya dafe bango, yana jin zuciyarsa na duka har cikin kunnensa.

"In kira nas, Yallaɓai?" in ji Sajan. "Muna da guda a ajiye."

"Allah ya shirye ki."

Injiniya bai zo ba. Abokiyar aikinsa ce ta tarbe su, wata masaniyar sinadarai mai farin gilashi da kowa ke ce wa Dakta. Ɗakin cike yake da kwalabe da farantai, da wasu akwatunan roba masu raɓa a jikin murfinsu. A lungu ga rabin mutum-mutumi, ƙirji kawai ba kai.

Dakta ta zaro danƙo guda, ta haɗa shi da batir da ɗan ƙwan fitila. Ƙwan ya kama. Ta ja danƙon har ya ninka tsawonsa sau huɗu, ƙwan bai ko ƙifta ba. Ta sa almakashi ta raba shi biyu, wuta ta ɗauke. Ta haɗa bakin biyu ta matsa da yatsa, sai ga haske ya dawo, ko tabon yankan babu.

Sufeto ya jinjina kai. Abin ya burge shi, kuma bai so ya burge shi ba.

"Ruwan gishirin da ke cikinsa ne ke ɗaukar wutar," in ji Dakta. "Shekara shida muna kansa. Kuma muna da doka a ɗakin nan, ba ma manna wa kowa sai mun fara gwadawa a jikinmu."

"In ruwan ya bushe fa?"

"Ba ya bushewa."

"Ko a ƙarƙashin fanka?"

"Mun magance wannan tun tuni."

Sajan, wadda ba ta iya ganin kwandon shara ta wuce, ta ɗago wani abu da yatsu biyu. Danƙo ne, amma ya ƙanƙance ya yi tauri kamar busasshen ɓawon lemo. Akwai wajen goma irinsa a ciki.

"Tsofaffin gwaji ne," Dakta ta yi saurin cewa.

"Takardar jikinsa ta ce makon jiya," in ji Sajan.

Dakta ta cire gilashi ta shiga gogewa. Da ƙyar ta faɗa cewa gobe Alhamis wani kwamiti zai zo, shi zai yanke ko za a bar su su manna wa marasa lafiya ɗari biyu.

Sufeto ya sa ta buga masa layin zuciyar tsohon na jiya gaba ɗaya a takarda. Yana bi da yatsa, sai ya tarar da giɓi. Daga goma saura minti goma zuwa goma da ashirin da biyar, babu kome.

"Nan fa?"

"Wanka ne. In an cire don wanka, haka yake nunawa."

"Injiniya yana ina a lokacin?"

"Yana nan, a kujerar can, tun safe."

Sufeto ya naɗe takardar. Bai ga amfanin gaya mata cewa ƙarfe bakwai ake yi wa tsohon wanka ba.

*

Likitan da ke binciken gawa tsohon abokin Sufeto ne, mai ƙaton tumbi da ƙaramar murya. Bai tsaya dogon gaisuwa ba.

"Wa ya ce maka biyu da minti goma? Bawan Allahn nan tsakanin tara da rabi da goma da rabi ya cika. Zuciya ce. Da an kawo shi da wuri, mai yiwuwa a ceto shi."

Sufeto ya shimfiɗa masa takardar. Likita ya sa tabarau ya daɗe yana kallo.

"Kafin giɓin nan, ga zuciyar tsohonka, tana ɗingishi, tana tsallake bugu. Wannan na yarda. Bayan giɓin kuwa..." Ya ɗago. "Wannan zuciyar ba ta taɓa ganin shekara saba'in ba. Duba sha ɗaya da minti biyar, yadda ta tashi sama har minti uku sannan ta sauko a hankali. Tsohon yana fita?"

"Banɗaki ma da sanda yake zuwa."

"To wannan mutum ne mai hawan bene. Ba hawa ɗaya ba kuwa."

Sufeto ya tuna yadda ya dafe bango da safe. Kusan awa huɗu wani rayayye na yawo a gari da danƙon mamaci a jikinsa.

*

Da suka koma ofis ya sa aka fito da Nas. Ba ta taɓa burodin da aka ba ta ba. Ya ajiye mata hoton da ya ɗauka.

Ta kalla, hawaye suka cika mata ido. Can sai ta matso da hoton kusa da fuskarta.

"Ba ni na manna wannan ba."

"Ta yaya kika sani?"

"A nan takardarsu ta ce a sa, yatsu biyu ƙasa da ƙashin wuya. Wata uku ina sawa a nan, sai wurin ya yi ƙuraje, yana yi masa ƙaiƙayi har da jini. Baba ya roƙe ni. Tun lokacin nake saukar da shi ƙasa, wajen faɗin tafin hannu. Yana aiki a can ma."

"Injiniya ya sani?"

"Wa zai gaya masa? In ka karkata abin nan kaɗan sai ya yi ta faɗa kamar ka zagi uwarsa. Baba ya ce mu bar shi tsakaninmu, kada ran yaron ya ɓaci."

Sufeto ya buga wa Likita. Bayan minti goma amsa ta zo. Ƙarƙashin danƙon tsofaffin ƙuraje ne. Can ƙasa kuma ga wani fili mai kusurwa huɗu, fatar ta yi haske, inda aka saba mannawa.

"Kin ga jarrabawar nan da kika ɓoye?" in ji Sufeto. "Ita za ta fitar da ke. Lokacin da aka mayar da abin nan ƙirjinsa, mutum ɗari na kallonki kina rubutu."

Ya aika Sajan wurin Dakta da saƙo ɗaya, cewa ƙarya a maganar rai laifi ce mai zaman kanta. Ba a yi awa ɗaya ba Sajan ta bugo. Ta ce Dakta ta fashe da kuka ta faɗi gaskiya. Goma saura Injiniya ya kalli kwamfuta ya fita a guje, bai dawo ba sai bayan sha ɗaya. Ɗaya da 'yan mintuna ya sake fita. Shi ya roƙe ta ta ce yana nan, wai saboda kwamiti.

"Taho min da mutum-mutumin nan da danƙo guda," in ji Sufeto.

*

Ƙarfe huɗu Injiniya ya zo, ƙanwarsa na biye da shi. Ta zo tambayar yaushe za a ba su gawar mahaifinsu. Sufeto ya so ya ce ta jira a waje, amma ta riga ta zauna a bencin bakin ƙofa.

"Taimako ɗaya nake so," ya ce wa Injiniya. "Alƙali zai tambaye ni yadda ake sa abin nan, ni kuwa ko wayata jikata ke gyara min. Nuna min."

Injiniya ya ɗauki danƙon. Hannunsa ya san aikin fiye da kansa. Ya laluba ƙashin wuyan mutum-mutumin, ya jera yatsu biyu, ya manna, ya shafe gefe da gefe.

"Kullum a nan?"

"Kullum. Ni na rubuta dokar."

Sufeto ya ajiye hoton a gefensa. "Ga shi kuwa, daidai wa daida. Sai dai mahaifinka ya fi shekara ba a sa masa a nan ba. Wurin ya yi masa ƙuraje. Shi da Nas suka ɓoye maka don kada ranka ya ɓaci."

Injiniya ya ƙura wa hoton ido.

"Likita ya ce wajen goma ya rasu. Dakta ta ce goma saura ka fita. Zuciyar da ke kan takardar nan ta hau bene uku da sha ɗaya da minti biyar. Buɗe maɓallin rigarka."

"Yallaɓai, ina cikin makoki."

"Na sani. Buɗe."

Ya buɗe biyu. Yatsu biyu ƙasa da ƙashin wuyansa akwai jan fili mai kusurwa huɗu, gashin wurin duk ya tuge.

Ƙanwarsa ta miƙe tsaye. "Yaya?"

Bai kalle ta ba. Ya zauna a kujera.

"Na ga layin ya yanke," ya ce a hankali. "Na san bushewa ce. Fankar nan. In kwamiti ya ga giɓin, shekara shida ta tashi a banza. Na ce bari in je in gyara kafin kowa ya lura."

"Ka same shi da rai?"

"Yana numfashi sama-sama. Ya ɓamɓare danƙon, yana riƙe da shi. Tun yaushe abin ya kama shi ban sani ba, ƙararrawa ba ta yi ba."

"Ka kira likita?"

"Na ce bari in jiƙa shi tukuna, in ga abin da zuciyar ke yi, sai in san me zan gaya wa likita. Na shiga kicin na haɗa ruwan gishiri. Minti biyar nake tsammani."

"Minti nawa ya ɗauka?"

"Ashirin." Ya shafa ƙirjinsa. "Da ya yi laushi, sai na manna a ƙirjina. Haka muke yi, ba ma sa wa kowa sai mun gwada. Ban ma yi tunani ba. Layin ya dawo, Yallaɓai, tsaf, ban taɓa ganin ya yi kyau haka ba. Na koma ɗaki da murna ina cewa, Baba, layin ya dawo. Na tarar ya tafi."

Sajan ta kau da kai.

"Sai ka bar shi a jikinka," in ji Sufeto.

"Na tsaya ina kallon wayar, tana cewa yana da rai. Sai na tuna Nas tana da jarrabawa." Ya sunkuyar da kai. "Na rufe ƙofa na koma aiki. Ƙarfe biyu na dawo na mayar masa. Ƙararrawa ta tashi kamar yadda na tsara ta. Na zauna a gefen gadon ina jin ta har ta gama tara."

Sufeto ya ga masu kisa da wuƙa da masu kisa da guba, bai cika jin kome ba. Wannan kuwa ya ji baƙin ciki ƙwarai. Ya gaya masa laifinsa ɗaya bayan ɗaya: ya bar mai ciwo ba taimako har ya mutu, ya shirya shaidar ƙarya, ya ɗora wa wadda ba ta ji ba ta gani ba. Ya ce wa ɗan sandan da ke gadin ɗakin tsaro ya buɗe wa Nas, ya ba ta jakarta.

Sajan ta sa wa Injiniya ankwa. Sun kai ƙofa, ƙanwarsa ta tare hanya. Ba ta ɗaga murya ba.

"Yaya, da ka shiga, ya gane ka?"

"Ya gane ni."

"Ya yi magana?"

"Ya kira sunana. Ya miƙo min hannu."

"Ka riƙe?"

Injiniya ya dubi hannayensa cikin ankwa.

"Na ɗauka danƙon yake miƙo min," ya ce. "Shi na karɓa."

Ta matsa gefe ta ba su hanya. Sajan ta kama shi a gwiwar hannu, suka bi dogon barandar zuwa ɗakin tsaro.